Gayyar Gonar Shugaba

A Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Turawa da Kurugu, in ka ce "ƙungiya" ba wanda zai tambaye ka wacce. Guda ɗaya ce, Ƙungiyar Haɗa Hannu, kuma Malam Muntaka ne shugabanta tun ranar da aka kafa ta a gindin marken ƙofar masallaci, shekarar da ruwa ya ɗauke gero ya bushe a tsaye. Magidanta talatin ne a cikinta. Su ke yashe rijiya, su yi wa masallaci yaɓe kafin ruwa ya sauka, su share maƙabarta, su cike kwazazzabon da ke yanke hanyar Karaye duk shekara. Amma abin da ya riƙe ƙungiyar da gaske, wanda ke sa mutum ya zo taron Juma'a ko da ransa ba ya so, shi ne gayya. Da damina ta kankama, duk Talata da Asabar sai a faɗa gonar mutum biyu, fartanya talatin a jere, Barau makaɗi na binsu a baya da gangar noma. Mai gona ba abin da zai yi sai tuwo da kunu da goro.

Muntaka da bakinsa ya kafa dokar cewa gonar shugaba ita ce ta ƙarshe. Ya ce kada wata rana wani ya ce shugaba ya sha gumin jama'a ya koma inuwa. Kowa ya yaba, ban da matarsa Rekiya. Ita cewa ta yi, "Malam, kai dai ba ka ganin wahala ka wuce ta, sai ka tsaya kun gaisa." Kuma tana da gaskiyarta, don kafin layi ya zo kansa ciyawa ta kai gwiwa. Sai dai fartanya talatin ba wasa ba ce, kafin azahar sun share gonar tas. Ga shi ɗansu ɗaya namiji, Sulle, yana can Ikko sai sallah-sallah, ga bayan Muntaka da ya fara ƙi. Dawar da za su ci shekara a wannan rana ɗaya ta rataya, kuma shekara shida ba a taɓa saɓawa ba.

Sai ga zaɓen kansiloli a ƙarshen shekarar 1990, bayan an gama kai amfani gida. Ɗanmaliki, sakataren ƙungiya, saurayin magidanci mai ɗan karatun boko da saurin baki, ya fito takara. Abokin karawarsa wani Basiru ne daga can wajen rugagen yamma. Kuma a wannan zaɓe babu akwati, babu takarda. Za a kafa hoton kowane ɗan takara, kai kuma ka je ka tsaya a bayan wanda kake so, rana tsaka, kowa na kallonka, a ƙirga ka kamar akuya a kasuwa. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, da wuya in ya taɓa zaman ƙauye. A birni ka tsaya inda ka ga dama ka koma gidanka. A ƙauye mutumin da ya ga inda ka tsaya shi zai haƙa maka kabari.

Ranar zaɓe Muntaka ya yi sammako ya je filin firamare ya shiga layin Ɗanmaliki, yadda ƙungiya ta yi alkawari. Layin Basiru na nan kusa, tsakaninsu bai fi taku goma ba, kuma shi ma ba laifi ya yi tsawo, don mutanen rugage da na unguwanni biyu duk a nan suke zaɓe. A cikinsa Muntaka ya hango Hammawa, Bafulatanin da suka tashi tare tun suna farautar gafiya, ɗan ƙungiya kuma, wanda ke ba shi aron shanun huɗa duk shekara. Ba wanda ya ga laifin Hammawa, don Basiru ɗan 'yar'uwarsa ne. Sai dai yau bai ɗaga sanda ya ce "Kaɗo, ka kwana?" yadda ya saba ba. Yana tsaye ne kawai, ya sunkuyar da kai.

Muntaka ya juya wajen Barau da ke bayansa. "Me ya sami mutumin nan?"

"Au, ba ka ji ba, Shugaba? Ai tsohuwarsa ce ta rasu, can wajen Fulatan, gidan ƙanwarsa. Jiya da yamma ya dawo daga zaman makoki."

Muntaka ya yi salati. Tsohuwar nan ta sha dama masa fura da hannunta. Ta'aziyyar uwa kuwa ba abin da ake jefa wa mutum daga nesa ba ne kamar sannu da rana. Bai tsaya wani tunani ba, ya fita daga layi, ya taka takun nan goma, ya kama hannun Hammawa suka durƙusa. Dattawa shida da ke layin Ɗanmaliki suka ga an ɗaga hannu za a yi addu'a, su ma ba su gaisa da Hammawa ba tun rasuwar, sai suka tako suka durƙusa. Ana tsakiyar Fatiha malamin zaɓe, wani malamin makaranta da aka turo daga Karaye, ya hura usur ya ce an fara ƙirga, kowa ya tsaya inda yake.

Muntaka ya ji usur ɗin sarai, ba zai ce bai ji ba. Amma yaya za a yi dattijo ya yanke Fatiha ya kwasa da gudu kamar an koro shi? Ya ce a ransa bari a shafa. Da aka shafa ya miƙe zai koma, sai ɗan sanda ya tare shi da kulki.

"Baba, koma ka tsaya."

"Ɗan nan, can ne layina. Gaisuwa na zo."

"Kowa ma haka zai ce. Koma."

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana dafa kafaɗarsu, aka ƙirga su bakwai a bayan hoton Basiru. Da aka faɗi sakamakon filin firamaren, Basiru ya ɗara Ɗanmaliki da mutum biyar. Ko yaron goye ya iya wannan lissafi. A mazaɓar gaba ɗaya Basiru ya yi masa nisan da mutum bakwai ba za su hana komai ba, amma wannan bai dami kowa ba. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne an kayar da ɗan gari a ƙofar gidansu, kuma shugaban ƙungiyarsa ne ya ja mutane suka tsallaka, ido na ganin ido.

Da la'asar Muntaka ya tafi zauren Ɗanmaliki, ya tarar da shi cike da matasa. Ya yi sallama aka amsa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya tsaya a tsaye ya yi bayani tun daga farko har ƙarshe. Ɗanmaliki na ta kallon yatsun ƙafarsa, sai da ya gama sannan ya ɗago.

"Baba Muntaka, tsohuwar nan kwana nawa da rasuwa?"

"An ce yau takwas."

"Ta yi kwana takwas a kabari, amma ta'aziyyarta ba za ta iya jiran ƙirga ba? Minti goma?"

Wani daga lungu ya ce, "A dai faɗa mana buhun taki nawa ne." Aka yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Muntaka ya rantse da Allah, abin da bai saba yi ba. Ɗanmaliki ya ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce." Duk wanda ya san mutanenmu ya san in an ce maka ya wuce da wannan murya, yanzu aka fara.

Dattawan nan shida da za su tsaya masa shaida kuwa, kowa ya kama kansa. Biyu suka ce su Shugaba suka bi, ba su san abin da ya ƙulla ba. Sauran suka yi gum, don 'ya'yansu na cikin masu fushin. Taron Juma'a ya fara ramewa, daga talatin ya koma goma sha wani abu, daga nan sai ka ga mutum biyar ana ta kallon hanya. Rijiya ba a yashe ba. Masallaci ya shiga damina babu yaɓe, har bangon gabas ya fara zubar da ƙasa a kan sahun gaba. Aka aika wa Hammawa cewa bana kada shanunsa su shiga karan kowa, shi kuwa ya tattara ya matsa da garkensa can wajen dangin uwarsa. Ranar da zai tashi ya biyo ta gidan Muntaka, suka zauna a zaure. Da zai tafi ya ce, "Kaɗo, ni na jawo maka." Muntaka ya ce, "Kai ka kashe tsohuwar?" Suka yi 'yar dariya, kowa idonsa ya kawo ruwa.

Duk da haka da ruwa ya zauna aka fara gayya, don ciyawa ba ruwanta da siyasa, kuma kowa na son a yi masa tasa. Gonar farko ta mahaifin Ɗanmaliki ce. Muntaka ya riga kowa zuwa. Da aka jeru, sai ya ga na damansa ya bar kunya biyu tsakaninsu, na hagunsa ma haka, ya zama shi kaɗai a tsakiya kamar mai ƙyanda. Ya haɗa da kunyoyin da aka bari ya nome. Da aka kawo tuwo aka zauna huɗu-huɗu, shi da Barau suka ci nasu su biyu.

Haka ya bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, Talata da Asabar, bai tsallake ko guda ba. Rekiya na gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi tana faɗa, shi kuwa yana cewa ai mutane ba dutse ba ne, suna gani. Gani kam suna yi. Amma wani abu ya shigo bana wanda ba a saba ba: duk wanda aka yi wa tasa, sai gayya ta gaba ka neme shi ka rasa, wai ciwon kai, wai suna a Rogo. Da can sakatare ne ke bin irin waɗannan ya ci su tarar goro, bana kuwa sakataren ko kallo ba su ishe shi ba. Fartanya talatin ta koma ashirin, ta koma goma sha biyu. A gonar da ta rage kafin tasa, su bakwai ne suka wuni suna fama.

Ita kuwa gonar Muntaka tana can tana jira. Harƙiya ta shimfiɗa a cikinta ta kama ƙasa, dawar ta yi ja ta tsaya cak, ganyenta sirara kamar na albasa. Da da ne da ya ɗan rage wani gefen da kansa, amma bana ƙarfinsa duk ya tafi a gonakin mutane, ranakun da ba gayya a kwance yake yin su. Ya san in aka ƙara mako guda ba a shiga gonar nan ba, sai dai a yi wa awaki kara.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, ya sayo goro ya bi gida-gida yadda aka saba, yana cewa, "Jibi in Allah ya kai mu, gayya ta zo kaina." Ba wanda ya ƙi karɓa. Kowa ya sa hannu biyu ya ce Allah ya kai mu. Har Ɗanmaliki ya karɓa, ya jefa a aljihu. Muntaka ya dawo gida da ɗan ƙarfinsa. Shi da ya shekara hamsin da wani abu a garin ya fi kowa sanin ba a mayar wa dattijo goro, ko za a zo ko ba za a zo ba, amma ranar ya zaɓi ya manta.

Rekiya ta tare shi a tsakar gida. "Na mutum nawa zan tuƙa?"

"Talatin."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Dawar da ta rage a rumbu ba ta kai mu kaka ba."

"In suka zo suka tarar da tuwon mutum goma, me na ce musu ke nan? Na ce ban yarda da su ba."

"To ka yarda da su ɗin?"

Ya shige ɗaki. Ita kuma ta aika aka kira ƙanwarta Murja, suka kwana biyu suna surfe da niƙa, tana yi tana ƙunƙuni, amma ko mudu ɗaya ba ta rage ba.

Asabar ta waye garau, ba hadari. Muntaka na gona tun rana ba ta fito ba. Jim kaɗan sai ga Barau da gangarsa a rataye, suka gaisa, ya gyara tsarkiya ya fara kiɗan kira. Gangar noma in ta tashi da safe har Kurugu ana jin ta, balle Unguwar Marke da ke nan ƙasa da gonar, ana hango rufin ɗakunanta. Barau ya yi kiɗa, ya yi kirari, ya kira manoma da sunan kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Rana ta ɗaga. Muntaka ya kama kunyar farko shi kaɗai, yana yi yana satar kallon hanya, har wuyansa ya gaji.

Wajen hantsi Barau ya sassauta kiɗa ya ce, "Shugaba, dubi bakin gari."

A gindin wata tsamiya da ke bakin hanyar gona, mutane ne tsaye da fartanyu a kafaɗa. Muntaka ya kare ido da hannu ya ƙirga, takwas. Ba su taho ba, ba su koma ba. Suna tsaye suna 'yan maganganu, wannan na jiran wancan ya fara yin gaba, kowa na jin nauyin a ce shi ya fara. Takwas ma ai mutane ne, takwas da shi tara, in aka dage har la'asar za a ci rabin gonar, kuma in takwas suka zo yau, Juma'a za a ga goma sha wani abu a gindin marke. Ya ce, "Barau, ƙara mata wuta." Barau ya saki kiɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ɗaya daga cikin mutanen ya gyara fartanyarsa ya yi taku biyu zuwa hanyar gona.

Sai aka ji ƙugin mota. Wata akori-kura ce ta ɓullo daga yamma, ta ratsa tsakiyar gari tana ham, da hoton Basiru manne a gilashinta da tutar jam'iyyarsa tana kaɗawa. Bayanta cike da ƙarti, kowa da fartanya. Ta wuce ta gaban tsamiyar nan har sai da mutanen suka ja da baya, ta hawo hanyar gona tana tangaɗi, ta zo ta tsaya daidai kan iyakar Muntaka. Kiɗan Barau ya mutu a hannunsa.

Mutum goma sha biyar suka diro. Babbansu, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya zo ya rusuna. "Sannu da aiki, Baba. Ni ne Maikuɗi. Kansila ne ya turo mu, ya ce a gaishe ka da kyau. Kawunsa Hammawa ya je har gida ya same shi, ya ce yau gayyarka kuma ya ji an ce ba mai zuwa, shi ko barci ba ya iyawa. Kansila ya ce mutumin da ya yi mana halacci a bainar jama'a ba za a bar shi ya ji kunya ba. An sallame mu tun can, kai dai nuna mana iyaka."

Da ƙarfi ya yi maganar, irin ta mai kawo albishir. Muntaka bai ma dube shi ba, tsamiya yake kallo. Mutanen nan takwas suna nan, sun juyo gaba ɗaya suna kallon motar. Sai na farko ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu, ya juya. Na biyu ya bi shi. Ba gaggawa, ba hayaniya, suka shige gari ɗaya bayan ɗaya, aka bar tsamiya ita kaɗai. Wata bakwai yana rantsuwa ba a ba shi komai ba, yau ga abin da aka ba shi ya zo a mota, da tuta, ta tsakiyar gari. Kuma Hammawa ne, Hammawa da ba shi da mugun nufi ko na ƙwayar gero.

Daidai nan Rekiya da Murja suka iso da kwanuka a kai, sawu na farko. Rekiya ta sauke, ta dubi motar, ta dubi mijinta, nan take ta gane komai. Ta matso kusa ta yi ƙasa da murya.

"Malam, bar su su yi."

"Ba za su taɓa min gona ba."

"Sunan nan da kake tsaro ya riga ya tafi. Ko ka kore su, ko ka bar su, abin da za a faɗa ɗaya ne. A tsira da dawar mana."

"In fartanyarsu ta taɓa ƙasar nan, na sayar ke nan. Ko ba wanda ya sani, ni na sani."

"To saninka za mu tuƙa da rani?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ya san gaskiya ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya juya wajen Maikuɗi ya ce, "Ku gaishe da Kansila, ku ce na gode. Ku ce wa Hammawa na ji saƙo. Amma gonar nan ta ƙungiya ce yau, ba a sa mata baƙon hannu." Maikuɗi ya dubi gonar, ya dubi hagu da dama yana neman ƙungiyar, bai ga kowa ba sai tsoho da makaɗi. Ya yi magiya, ya ce za a yi musu faɗa, Muntaka ya kafe.

Sun juya za su hau mota ke nan Muntaka ya lura da yadda idanunsu ke komawa kan kwanukan. Tun asuba suka baro gida, ba wanda ya karya. Ga tuwon dawa malmala-malmala, ga miyar kuka tana tururi, ga kunun tsamiya a tulu, abincin mutum talatin, ba mai ci. A ce baƙi sun zo har gonarka da niyyar alheri, ka kore su da yunwa ga abinci a gabansu? Wannan kam bai iya ba, ko da ya iya hana su noman. Ya ce, "Ku zauna ku ci abinci tukuna."

Suka zauna huɗu-huɗu a bakin gona, a gefen motar, suka ci suka yi nak, suna santi suna sa wa Rekiya albarka. Ita ko kallonsu ba ta yi ba. Masu wucewa ta hanyar Turawa kuwa sun kalla. Cikinsu har da Ɗanmaliki a kan kekensa, ya rage gudu, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya bi ƙartin nan da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tutar.

"Sannu da gayya, Baba Muntaka," ya ce. "Allah ya ba da yabanya." Ya taka kekensa ya wuce.

Motar ta tafi ba a nome ko taku ɗaya ba. Rekiya da Murja suka tattara kwanuka. Da za su tafi Rekiya ta ajiye masa kunu a gindin wata 'yar sabara, ta rufe da faifai, ta tafi tana share ido da bakin mayafi.

Barau ya zauna a kan gangarsa. Can ya ce, "Shugaba, akwai maganar da na kasa faɗa maka. Ɗanmaliki ya kusa wata guda yana tara mutane, wai za a kafa sabuwar ƙungiya. Har da shi kansa, mutum goma sha tara sun haɗa kai. Waɗancan takwas na gindin tsamiya su ne suka ce a dakata, sai sun ga yau."

"To, sun gani."

"Sun gani." Barau ya murza tsarkiyar ganga. "An ce Juma'a za a yi taron farko, a zaurensa. An ce in zo da ganga. Shugaba, ni ba ni da gonar kirki, kai ka sani. Abin da ake ba ni a wajen kiɗa da shi nake riƙe da gida."

Muntaka ya haɗa goma sha tara da takwas, ya ƙara Barau. Cikin talatin saura shi da Hammawa, Hammawa kuma ya tashi.

"Ka je," ya ce. "Ka ce musu su fara da bangon masallaci, kafin ya faɗo wa mutane."

Barau ya rataya gangarsa ya kama hanya. Muntaka ya bi shi da kallo har ya shige gari, sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya koma kan kunyar da ya bari. Zuwa la'asar ya yi huɗu, bayansa ya ƙi miƙewa, sai da ya dogara da ƙotar fartanya ya ɗago. Ya dubi gabansa, kunya ɗari da wani abu na kwance cikin harƙiya har bakin iyaka. Ya juya ya dubi huɗun da ya yi, ya ga ciyawar da ya nome da safe, da yake ƙasar da danshi, har ta fara ɗago kai.